Yadda Za Ka Bi Hawan Kibo da Mota a Lokacin Hunturu

Kafin ka bar Abuja, kai motar wajen bakanike ya duba birki da ruwan lagireto. Hawan Kibo, wato hawan dutsen da ke kan hanyar zuwa Jos, ba ya raga wa injin da ya gaji.

Ka tashi da safe ta Keffi da Akwanga, yadda za ka iso gindin dutsen rana ta ɗaga. Da asuba hazo kan rufe hanya a Disamba da Janairu, idan kuma ya same ka, kunna fitila ka rage gudu.

Kafin ka fara hawa, ka ratse magangarar ruwa ta Assop. Da rani ruwan ya ragu, amma sanyinsa har cikin ƙashi, kuma duwatsun da ya jiƙa suna da santsi. Riƙe hannun yara, kada kowa ya hau da silifas.

Sai hawan kansa. Sa giya ta biyu tun daga ƙasa, ka bar motar ta ja a hankali. Za ka tarar da tireloli suna nishi, suna tafiyar hawainiya. Yi haƙuri a bayansu, ka ba da tazara, domin mai nauyi kan sulalo baya. Wuce mota a kan kwana ganganci ne, ko da na bayanka ya cika ka da oda.

Idan ka haye, tsaya wajen duwatsun Riyom a ɗauki hoto. Nan za a nemi rigar sanyi da man kaɗanya, don Jos ta kai kusan mita 1,200 sama da teku.

A dawowa ka sauko da ƙaramar giya. Da ka ji ƙaurin birki, samu gefe ka tsaya ya huce.