Yadda na shawo kan CHIRP a kwamfuta biyu

Sati biyu ina fama da rediyona na oba-oba, Baofeng UV-5R. So nake in zuba masa tashoshin mita 2, wato daga 144 zuwa 146 MHz, ba tare da na yi ta danna maɓallan nan ƙanana ba. Na sauke CHIRP, manhajar da ake zuba wa rediyo tashoshi da ita daga kwamfuta, a kwamfutar shago mai Windows, na jona wayar USB mai haɗa rediyon da kwamfuta, shiru. Da na leƙa Device Manager, inda Windows ke nuna na'urorin da aka jona, sai ga alamar ruwan ɗorawa da Code 10, wato na'urar ta kasa tashi.

Ashe guntun lantarki (chip) da ke cikin wayar jabu ne, an kwaikwayi samfurin PL2303, sabuwar direba kuma, wato manhajar da ke sa Windows ta gane wayar, ba ta karɓar jabu. Na tafi Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, wani yaro mai gyaran waya ya laluɓo min wata wayar USB mai guntun CH340. "Yallaɓai, wannan ba ta gardama," in ji shi. Gaskiyarsa.

A gida Ubuntu, wani nau'in Linux, nake amfani da ita maimakon Windows, can kuma matsalar daban ce. Wayar ta bayyana a matsayin /dev/ttyUSB0, amma aka hana ni izinin shiga. Na sa sunana a rukunin dialout, mai ba da wannan izinin, da umarnin sudo usermod -aG dialout $USER, na fita na sake shiga. Sai kuma ta riƙa ɓacewa bayan daƙiƙa kaɗan. Manhajar brltty ce ta makafi take ƙwace ta, na cire ta tunda ba na buƙatarta.

Abin da ya fi ba ni wahala kuwa ƙarami ne: bakin wayar bai shige rediyon sosai ba. Sai da na danna da ƙarfi na ji ƙas, sannan CHIRP ta iya karanta rediyon. Fayil ɗin tashoshin da na adana a gida shi na buɗe a shago washegari.