Yanda zaka canza robobin bodi na tsohuwar akori-kura

Jama'a duk mai tsohuwar akori-kura, Hilux ce ko Nissan ko L200, akwai abu ɗaya da bama dubawa sai ya gama lalacewa, wato robobin da kan motar yake zaune a kansu. Irin motocin nan bodi daban shasi daban, a tsakaninsu akwai roba mai kauri da dogon bolt da ya ratsa ta ya ɗaure su tare. Yawanci guda 6 ne, biyu can gaba wajen lagireto, biyu ƙarƙashin inda ake sa ƙafa, biyu bayan kujera, mai ƙofa huɗu takan fi haka. Akorin baya nashi ɗaurin daban ne, ba shi nake magana ba.

Tawa dankali nake ɗaukowa da ita daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada a Jos, sai ta fara wani ƙwas-ƙwas ƙarƙashin ƙafata duk sanda ta faɗa rami, na canza shokozoba ƙarar tana nan, ƙofar direba kuma sai na ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Wata safiya na tsaya daga baya ina kallonta sai naga layin kan motar da na akori basu daidaita ba, gefena ya sauka kaman yatsa biyu. Da na kwanta na leƙa da tocila wallahi robar ta tsattsage kaman fason ƙafa a hunturu, ɗaya ma ta lotse har ƙarfe na taɓa ƙarfe. In ka bar ta a haka bodin ne zai fara tsagewa a wajen, sitiyari ya fara tauri, wani lokaci fanka ta dinga gogan murfinta.

Wajen siya, in ka shiga Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota ta Jos, kaje da shekarar motarka da hoton robobin a waya, dan na gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba. Kowane waje yana da robar sama da ta ƙasa da ɗan bututun ƙarfe a tsakiya da washa, ka tabbatar sun cika. Ka siya sababbin bolt da noti ma. Ni dai bana ba kowa shawarar robar da aka yanko daga tsohuwar taya, tana da arha amma bata shanye jijjiga kuma kaurinta baya zuwa daidai, ta Beljiyam kuma shekarunta ɗaya da wadda kake son cirewa. Akwai wata mai tauri da ake cewa polyurethane, tana daɗewa, sai dai zaka fi jin hanya a jikinka.

Inda aikin yake da gaske shine bolt ɗin nan. Sun sha daminar Jos shekara da shekaru, laka ta taru a kansu tsatsa ta kama su da bututun ciki, dan haka tun kwana 3 kafin ranar aiki ka kankare su da burushin waya ka fesa WD-40, man feshin nan mai sakin tsatsa, safe da yamma, sama da ƙasa. Kawunan wasu a cikin mota suke, sai ka ɗaga kafet ka cire ɗan murfin roba zaka gansu. Ranar kwancewa kar ka haɗa da ƙarfi lokaci ɗaya, ka juya kaɗan ka mayar, ka sake fesawa, ka sake juyawa. A wasu motocin notin a manne yake cikin bodi da walda, in ka fizge shi ya ɓalle zai dinga juyawa tare da bolt ɗin kuma ba inda zaka sa sifana ka riƙe shi, daga nan sai yankan ƙasan mota. Wanda ya ƙi sam gara a yanke shi da giranda. In wani yace a gasa da wuta ka tuna roba na kamawa, kafet na sama, tankin mai da tiyonsa suna kusa.

Toh ka samu waje mai siminti wanda ba gangara, ka ja birkin hannu ka sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, ka cire kan batir. Ka auna tazarar da ke tsakanin kan motar da akori hagu da dama ka rubuta, ka yi alama da alli inda bodi yake a kan shasi. Sannan ka buɗe bonet ka duba duk abin da ya haɗa bodi da shasi ko inji, sandar sitiyari, tiyon birki da na kuloci, wayar at (earth), tiyoyin lagireto, murfin fanka. Wanda kaga ba zai iya miƙewa ba ka sassauta shi tun yanzu, murfin fankan ma gara ka kwance shi.

Yanzu ka sassauta bolt ɗin duka, hagu da dama, amma gefe ɗaya kawai zaka zare. Dan Allah a kula da wannan, na ɗaya gefen su ne ke riƙe da kan motar kar ya zame, in ka zare duka kan ya goce ko da rabin inci ne sai kun wuni kuna turawa ramukan basu haɗu ba. Ka ɗora katako mai kauri da tsawo a kan jak ka sa shi ƙarƙashin bodi inda ƙarfe yake da ƙwari kusa da robobin, kar ka sa jak tsirara a ƙasan mota zai lotsa shi. Kana ɗagawa a hankali wani yana kallon cikin bonet, inci 2 yawanci ya isa roba ta fito. Da ya ɗagu ka cusa guntun katako tsakanin bodi da shasi kafin hannunka ya shiga wajen, jak yana saki, kuma nauyin kan mota ba abin da yatsa zai ɗauka bane.

Ka zaro tsohuwar ka ajiye ta a ƙasa yanda ka same ta, sama a sama ƙasa a ƙasa, in akwai ƙarin washa da aka sa dan daidaita tsayi ka mayar da ita inda take. Ka kankare mazaunin ka duba shi da kyau, in tsatsa ta cinye ramin ya faɗaɗa sai mai walda ya sa faci tukuna, in ba haka ba sabuwar robar nutsewa zata yi ciki. Ka shafa fenti ya bushe. In robar ta ƙi zama ka sa mata ruwan sabulu, banda baƙin mai dan yana cinye roba, giris kuma a jikin bolt kawai. Ka zura bolt ka kama noti da hannu, ka cire guntun katako ka sauke jak, kar ka ɗaure tukuna, ka koma ɗaya gefen kayi irin haka.

Sai duka sun shiga zaka koma kan awon da ka rubuta da alamar alli, ka buɗe ƙofofi ka rufe kaji ko suna shiga lafiya, sannan ka ɗaure daga wannan gefe zuwa wancan. Bututun tsakiya shi ke tsayar da ɗaurin, in ya zauna ya isa, kar ka matse har roba ta kumburo ta gefe. Ka mayar da duk abin da ka sassauta, ka juya fanka da hannu kaji bata taɓa komai, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka taka birki da kuloci kafin ka fita titi. Sabuwar roba tana ɗan zama, dan haka bayan sati ɗaya ka sake bin notunan da sifana, ni da na koma nawa na samu biyu na baya sun ɗauki kusan rabin juyi.