A Auna Doki Kafin a Ɗora Masa Kayan Hawa

'Yan uwa masu dawaki, yayin da hawan Sallah ke ƙaratowa, ina roƙonmu mu daina auna ƙarfin doki da ƙibarsa, domin dokin da ya sha dusa yana tsaye a turke sau da yawa shi ne ke fara sarewa a Hawan Daushe.

Ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita ita ce, kada nauyin mahayi haɗe da sirdi, jalala, likkafa da sauran kayan ado ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Dokin da ya kai kilo 350, iyakarsa kilo 70 ke nan, kuma lifidi, wato rigar kariya mai kauri da ake lulluɓe doki da ita, shi kaɗai yana cinye kaso mai yawa.

Bayan kilisa, a sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa a ƙirga bugun jini. Lafiyayyen doki yana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa. Idan aka yi minti 15 da sauka bugun bai sauko ƙasa da 60 ba, dokin bai shirya ba tukuna. Sannan a cire sirdi a shafa gadon bayansa da tafin hannu, domin wanda ya lanƙwasa ko ya kwantar da kunnuwa yana jin ciwo a wurin.