Yadda za ka auna ƙarfen tsohon tauraro daga ƙauye

Ina koyar da fiziks a wata sakandare kusa da Ringim. Ba mu da madubin hangen nesa, amma wannan awon yana yiwuwa da kwamfuta da ɗan data, domin kumbon Gaia na Turai ya riga ya tattaro hasken. A watan Yunin 2022 aka saki bakan hasken taurari kusan miliyan ɗaya, kyauta. Bakan haske shi ne hasken tauraro da aka rarraba launi-launi, kamar bakan gizo.

A wurin masana taurari, duk sinadarin da ya fi haidirojin da hiliyom nauyi ƙarfe ne. Ana rubuta awon [Fe/H], wato yawan baƙin ƙarfe (Fe) idan aka gwada da haidirojin (H), kuma da Rana ake gwadawa: sifili daidai da Rana, -1 kashi ɗaya cikin 10, -2 kashi ɗaya cikin 100. Tsofaffin taurari sun samu tun kafin fashewar wasu taurarin ta wadata sarari da ƙarfe, shi ya sa nasu kaɗan ne.

Shiga rumbun Gaia cikin dare, lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Zaɓi jan ƙaton tauraro mai zafin Kelbin 4,000 zuwa 5,000, wanda log g ɗinsa, wato awon ƙarfin jan nauyi a samansa, bai kai 3 ba. Sauke bakansa. Za ka ga ramuka uku, wato wuraren da hasken ya ragu saboda kalsiyam ya shanye shi, a wajen nanomita 850 da 854 da 866 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne). Auna faɗi da zurfin biyun ƙarshe, ka haɗa.

To, a nan nake roƙon ɗalibaina su natsu. Ramin yana ƙara girma idan ƙarfe ya yi yawa, haka kuma idan tauraron ya fi kumbura da haske. Wanda ya tsallake wannan sai ya ba talakan tauraro arzikin da ba nasa ba. Don haka nemo nisan tauraron a Gaia, ka fitar da ainihin haskensa, ka cire rabon da hasken ya ƙara. Sannan ka gwada ma'auninka da dunƙulen taurarin da aka riga aka auna, kamar yadda ake gwada sabon mudu da na kasuwa: M92 yana wajen -2.3, 47 Tucanae kuma -0.7. Idan naka bai faɗa kusa da nan ba, koma baya.

Kada ka manta kalsiyam ka auna, ba baƙin ƙarfe ba. Tsofaffin taurari sukan fi Rana yawan kalsiyam idan aka gwada da baƙin ƙarfensu, saboda haka rubuta hanyar da ka bi a gefen kowane sakamako.