Yadda za ka kalli wasan jiragen Red Arrows ka gane wane ne wane a sama

Mu 'yan Kaduna kunnenmu ya saba da ƙarar jirgi, balle mutanen Mando da Kawo da ke maƙwabtaka da barikin sojan sama, amma fa wasan jiragen soja in ba ka san tsarinsa ba hayaki kawai za ka gani kana ta "kai! kai!". To ka loda data ka shiga YouTube ka nemo Red Arrows na sojan saman Birtaniya.

Fara da ƙirga su. A al'ada tara ne. Lokacin da suka fara wasa a 1965 bakwai ne, da wani ɗan ƙaramin jirgi Gnat, sai a 1968 aka tsayar da tara, shi ne suka samu jerin nan mai kusurwa huɗu da suka yi suna da shi, Diamond Nine. Daga 1980 suka koma Hawk. In ka ga bakwai kar ka ce bidiyon bogi ne, a 2022 haka suka yi.

Sai ka kafa ido a kan na gaba, Red 1, shi ne oga, 2 da 4 na damansa, 3 da 5 na hagu, kuma sababbin shiga su ake ajiyewa dab da shi. Nan ne daɗin yake wallahi, sauran matuƙan ba ƙasa suke kallo ba, jirgin oga suke kallo, shi kuma yana ba da umarni ta rediyo, in ya karkata kowa ya karkata.

Can tsakiyar wasa za su rabu biyu, 1 zuwa 5 gefe guda, 6 zuwa 9 gefe guda. Ka bi 6 da 7, su ne masu tahowa gaba da gaba kamar za su yi karo, ka rage gudun bidiyon ka sake kallo, akwai tazara tsakaninsu, daga inda 'yan kallo suke tsaye ne ido ke yaudararsu.

Hayaƙin kuma dizal ne ake fesawa cikin zafin injin, ja da shuɗi rini ake sa masa. Farin na minti 5 ne, ja minti 1, shuɗi minti 1, shi ya sa ba sa ɓarnar kala sai inda ta dace.

Muryar da ke bayani a lasifika Red 10 ne, matuƙin da ba ya cikin masu wasan a sama, yana ƙasa yana sa ido.

In ka ƙware sai ka gwada na Faransa, su takwas ne, kuma Alpha Jet suke tuƙawa irin wanda sojan samanmu ke da shi.