Darasi na 7: Na'urar da Ke Duba Aikinta

Mu fara daga madafi. Uwargida ta zuba gishiri a miya, ta ɗanɗana, ta ji bai ji ba, ta ƙara kaɗan, ta sake ɗanɗanawa. Harshe ne ke gaya wa hannu abin yi. A kan wannan dabara injiniyoyi ke gina na'urori masu yawa: a auna abin da ya fito, a gwada shi da abin da ake so, a gyara, a sake aunawa.

Ku dubi tankin ruwa irin wanda ake ɗorawa a gidajen Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa a Katsina. A cikin wasunsu akwai ƙwallon roba a ƙarshen wata 'yar sanda. Ruwa na hawa, ƙwallo na tashi, sanda na matse bakin bututu har ya rufe. An ɗebi ruwa, ƙwallo ya sauka, baki ya buɗe. Ba mai gadi, ba mai tsayawa a kai. Ƙwallon namu ya taɓa hujewa, ya sha ruwa ya nitse. Tanki ya kwana yana ambaliya, da asuba muka tarar gindin katanga ya jiƙe sharkaf. Bututu lafiyarsa lau, abin awon ne ya yi ƙarya. Har yau in na tuna ruwan nan raina na ɓaci.

Janareta ma haka. Kun lura in aka kunna firij ƙararsa kan faɗi, nan take ta dawo? Aikin gwamna ne, wani ɗan sashe da ke jin gudun inji ya ragu, sai ya ƙara masa mai. Wutarmu a Najeriya zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka ƙaramin janareta ke riƙe juyi 3,000 a minti. Tun 1788 James Watt ya ɗora gwamna a injin tururi a Ingila.

Ga inda nake so ku natsu. In uwargida ta ɗanɗana kafin gishiri ya narke, za ta ƙara, miya ta yi gishiri, ta zuba ruwa, ta salamce. Gyaran gaggawa ko mai yawa kan wuce gona da iri. Irinsa ne janaretan da ƙararsa ke hawa tana sauka ba tsayawa.

Aiki: ku jona dutsen guga na lantarki, ku zuba wa 'yar fitilarsa ido. Ku rubuta sau nawa ta mutu ta kama cikin minti 5, mu tattauna dalili a aji.