Yadda Za Ka Ɗebo Tarihin NPC Da Ƙawayenta Daga Bakin Dattawan Garinku

Mahaifina ɗan NPC ne, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ɓoye haka ba, ko a shekarun da ƙasar Kano ta koma ta PRP, ana nuna irinsu da baki a kasuwa. Bayan rasuwarsa na buɗe adakarsa na tarar da katinsa na jam'iyya a naɗe cikin tsumma, tare da rasiɗan haraji. Ranar na gane ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi abin da ya sa ya bi Sardauna ba. Da na yi ritaya daga koyarwa a firamare, nan ƙasar Ringim, sai na shiga bin sa'o'insa da suka rage ina ɗaukar maganarsu. Abin da na koya a wannan yawo shi zan ba ka, domin duk wanda ya jefa ƙuri'a a 1959 yanzu ya haura tamanin da biyar, kuma duk damina sai mun binne wasu daga cikinsu.

Kafin ka taka ƙofar kowa, ka haddace ƙashin bayan labarin, don kada dattijo ya yi gabas kai ka yi yamma. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta fara ne a matsayin ƙungiyar 'yan boko, ta yi babban taronta na farko a Kaduna a Yuni 1949, Dokta Dikko yana shugabanta. Masu zafin ra'ayi suka ware suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. A Oktoba 1951 NPC ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, sarakuna da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya, suka rungume ta. A 1954 Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama shugabanta kuma Firimiyan Jihar Arewa, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana mataimakinsa, shi ne kuma ya zama Firayim Minista a 1957. Abin da ya kamata ya zauna maka daram shi ne, NPC ta 'yan Arewa ce kaɗai, ba ta buɗe ƙofarta ga mutumin Kudu ya yanki kati ba. Saboda haka ba ta da hanyar riƙe gwamnatin tarayya cikin kwanciyar hankali sai ta ƙawance. Duk ƙulle-ƙullen da za ka ji daga nan suka samo tushe.

Sai ka zaɓi mutanenka. Kada ka tsaya kan gidan sarauta kawai. Nemi tsohon ɗan doka, tsohon malamin haraji, wanda ya yi awon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa, direban da ya ɗauki 'yan jam'iyya zuwa lacca, da tela, domin teloli da ƙananan 'yan kasuwa su ne suka fi cika NEPU, kuma ba za ka fahimci NPC ba sai ka ji ta bakin wanda ta ɗaure. Ka fara gaida mai unguwa ka shaida masa abin da kake yi. Ka je bayan la'asar, ba ranar kasuwa ba, ba kuma lokacin shuka ko girbi ba. Ka riƙe goro, in da hali ka haɗa da sabulu ko ɗan sukari. Zuwan farko gaisuwa ce kawai, wayarka ta zauna a aljihu.

Ranar da za ka fara tambaya, kada ka ce masa NPC, ko NNA da UPGA, manyan ƙawancen zaɓen 1964, kada kuma ka tambaye shi shekara. Tambaye shi da alama. Fartanya ita ce NPC, kirarinta Salama. Tauraro NEPU, kirarinta Sawaba. Zakara na NCNC ne, jam'iyyar Azikiwe, bishiyar kwakwa kuma ta AG ce, ta Awolowo. Wani baffana da idonsa ya kusa tafiya, na yi ta kiran sunayen jam'iyyu yana gyaɗa kai kawai. Da na ce, “Baffa, Allah ya ja kwana, a wane akwati kuka jefa takarda?” sai ya gyara zama, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana fartanya da ɗan yatsa, har da ƙotarta. Ya ce an kewaye wuri da zana, akwatuna jere a ciki, kowanne da hoton alamarsa, kai kaɗai za ka shiga. Ya ce tun da dare ɗan aiken dagaci ya bi gida gida yana cewa abin da kuke noma da shi, shi za ku nema. Daga nan sai da aka kira magariba muka tashi.

Wannan bayanin akwatuna ya nuna maka zaɓen Disamba 1959 ne ko na bayansa. In dattijo ya ce an tara masu biyan haraji sun fitar da mutum guda, shi kuma ya tafi garin hakimi aka sake zaɓe a can, to yana maganar zaɓen hawa-hawa ne na shekarun 1950, kafin 1959. In ya ce an yi layi a fili ana ƙirga mutane, ka bi a hankali, wataƙila ya tsallako zamanin Babangida, lokacin doki da gaggafa, alamun SDP da NRC. Ga abubuwan da na fi auna lokaci da su: rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero a ƙarshen 1953, zuwan Sarauniya a 1956, bikin mulkin kai na Arewa a 1959, murabus ɗin Sarki Sanusi da tafiyarsa Azare a 1963, da kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. Ka ce, “Lokacin Sarki Sanusi yana kan gado ko ya tafi Azare?” Wannan ba ya ɓace wa kowane tsoho a ƙasar Kano.

Maganar ƙawance ita ce ta fi wuyar tonowa, don a Ikko da Kaduna aka ƙulla shi, mutanenmu sai dai su ji a rediyon gidan hakimi ko a bakin mai karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo. Amma akwai ƙofa guda da take buɗewa kullum. A zaɓen 1959 kujeru 312 ne, 174 a Arewa. NPC ta ci 134, NCNC da ƙawarta NEPU suka ci 89, AG da nata ƙawayen 73. Ba wanda ya kai rabi. Sai NPC ta kama hannun NCNC suka kafa gwamnati, Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, Azikiwe ya zama Gwamna Janar a 1960. To NEPU tun 1954 take ƙawance da NCNC. Ka ga ke nan Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, wanda ya ci kujerar Kano ta Gabas a wannan zaɓe, ya samu kansa a ɓangaren gwamnati a majalisar Ikko, har da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa, alhali a nan gida alƙalan En'e suna ɗaure mabiyansa kan yin lacca ba izini. Ka tambayi tsohon ɗan NEPU yadda ya ji da wannan. Wani tela ya ce mini, “Malam, mu zakara muka sani namu ne, sai muka wayi gari wai yana kwana a turken fartanya.” Bai yi dariya ba da ya faɗa. Wata uku ya yi a gidan yari a wannan tsakanin.

Tsohon ɗan NPC kuma ka tambaye shi abin da suke tsoro. Nan ne nake roƙonka ka yi adalci, don an daɗe ana ba da labarin nan ta fuska ɗaya, ana cewa duk wanda ya bi fartanya ko dai bawan sarki ne ko matsoraci. Akwai waɗanda tsoron dagaci ya kai su, ba na musu. Amma da yawa za su gaya maka sun ga yadda akawu da ma'aikacin jirgin ƙasa da na gidan waya duk baƙi ne, suka ji tsoron in Bature ya tafi da wuri za a sauya musu ubangida ne kawai. Abin da ya sa ke nan a 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a bari sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu. Ka bar mutum ya faɗi dalilinsa har ƙarshe. Bayan ya gama ne za ka tambaye shi labarin 'yan Mahaukata, 'yan daban da suka riƙa tarwatsa taron NEPU a Kano, ka ji ko ya san irinsu a ƙasarku. Wasu za su yi shiru. Ka rubuta cewa ya yi shiru.

Ƙawance na biyu ya fi kusa da mu. Bayan binciken kuɗin En'en Kano da ya kai ga saukar Sarki Sanusi, masoyansa, waɗanda yawancinsu 'yan NPC ne a da, suka kafa KPP, jam'iyyar mutanen Kano, ta haɗu da NEPU da UMBC ta Joseph Tarka. A ƙauyuka da dama a nan ne gida ɗaya ya rabu biyu. Can sama kuma rigimar ƙidayar jama'a ta 1963 ta raba NPC da NCNC. A 1964 NPC ta ƙulla NNA da NNDP ta Akintola, Firimiyan Yamma, da wasu ƙananan jam'iyyun Kudu, cikinsu har da NDC ta mutanen Neja Delta da ke tare da ita tun 1959. NCNC da AG da 'yan adawar Arewa suka taru a UPGA. Aka yi zaɓe ranar 30 ga Disamba 1964, UPGA ta ce a ƙaurace, NPC ta kwashe 162 cikin kujeru 167 na Arewa, da dama ba hamayya. In tsoho ya ce maka shekarar nan ba su ma jefa ƙuri'a ba, sai ji suka yi wane ya ci, kada ka ɗauka mantuwa ce. Ka bi diddigi: wa ya so tsayawa, me ya hana shi kai takardarsa?

Kada ka tsallake mata don ba su yi zaɓe a Arewa a wancan zamani ba. Su suka daka furar 'yan lacca, su suka kai tuwo gidan yari. Gwaggota ta ba ni labarin yadda aka mayar da kayan aurenta, bayan an sa rana, don an ga uban yaron a taron tauraro. Ta lissafa mini abin da ke cikin kayan ɗaya bayan ɗaya, turmi biyu na atamfa da kallabi da sule goma sha biyu, kamar jiya aka kawo. In kai namiji ne, tafi da ƙanwarka ko matarka ta shiga cikin gida, za a fi sakin jiki da ita.

Abu ɗaya nake gargaɗinka da shi da babbar murya: kada ka ɗauki maganar wani dattijo ka kai wa wani. Na yi wannan kuskure. Wani ya ce mini wane ne ya kai sunansa wurin hakimi, ni kuma don son tabbatarwa na je na tambayi wanen kai tsaye. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, tashi ka tafi, Allah ya yi maka albarka.” Bai ƙara karɓata ba, ya rasu da abin da ya sani, kuma jikokinsu da ke gaisawa suka yi shekara ba sa shiga harkar juna. In kana son tabbatar da zance, tambayi abin da ya faru ba tare da ka ce wane ya faɗa ba.

Za ka tarar tsofaffi suna cakuɗa NPC da NPN. Alama ce za ta raba maka: in ya ce gida da masara, ya shigo 1979. Gaskiya ne Shehu Shagari ministan NPC ne a da, haka Maitama Sule da Inuwa Wada, kuma NPN ma ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe a 1979, ta warware a 1981. Amma NPN da 'yan Kudu aka kafa ta tun ranar farko, kuma a Kano ba ta kai labari ba, Abubakar Rimi na PRP ne ya ci gwamna ya soke haraji da jangali. Ka ware wannan a wani littafin dabam.

Wajen ɗaukar murya, nemi izini a fili, ka bari izinin ya shiga cikin abin da ka ɗauka. Cika cajin waya tun safe a wurin mai caji, ka rufe layi don kada kira ya yanke maka zance, ka ajiye ta kan tabarma kusa da gwiwarsa, nesa da inda awaki suke. Da ka koma gida, a daren nan, rubuta abin da ya faɗa da irin Hausarsa, kada ka gyara masa. Sa rana da gari da kimanin shekarunsa. Tura kwafi zuwa wayar wani amintacce, domin memori yana lalacewa. In an fito maka da kati ko hoto ko rasiɗi, ɗauki hotonsa gaba da baya a inuwa, ka mayar wa mai shi nan take, ko ya ce ka tafi da shi.

Idan ka tara kamar mutum goma, sai ka nemi kuɗin mota ka je ka gwada abin da ka ji da abin da ke rubuce. A Kano akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu, da Gidan Ɗan Hausa. A Kaduna akwai Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ka tuna a wancan lokaci babu Jigawa, sai 1991 aka yi ta. Takardun Ringim da Dutse da Birnin Kudu a ƙarƙashin En'en Kano za ka neme su, Haɗeja da Gumel da Kazaure kuma kowacce da En'enta, duk a cikin Lardin Kano. Inda takarda ta saɓa da bakin dattijo, rubuta duka biyun gefe da gefe, ka nuna wanne ne na wa. Kafin ka nuna wa kowa, koma ka karanta wa mai maganar abin da ka rubuta, ka cire duk sunan da ya ce a cire, sannan ka bar wa babban ɗansa kwafi guda.